Kuɗin Liƙi a Goshin Sagir

Ni na kawo Sagir Doha. Ina son a fara riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa ya tsaya. Lokacin da ejan ɗin da ya haɗa mana tafiya ya zo filinmu na Funtuwa, ni ya zo gani, Habibu lamba tara. Sagir lamba biyu yake bugawa, can baya, inda ba a tafa wa mutum sai in ya faɗi. Ni na roƙi ejan ya haɗa da shi. Na ce ba zan iya zama a baƙon wuri ni kaɗai ba, kuma tun muna aji ɗaya na firamare ba mu taɓa rabuwa ba. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To, a sa shi gyara." Haka aka kawo Sagir, kamar ƙosai ɗaya da ake ɗora wa mai saye a sama.

Ejan ya ce mana kulob ne ke jiranmu, da gida da mota da albashi. Da muka sauka, babu abin da ke jiranmu sai zafi. Muka kira lambarsa, a kashe. Muka zauna kan jakunkunanmu tun hantsi har la'asar, muna kallon mutane iri-iri suna rungumar 'yan'uwansu, mu kuwa ko mai ce mana sannu babu. Sagir ya kwance ƙuli-ƙulin da innarsa ta ƙulla masa, muna ci muna zagin ejan da Hausa, da ƙarfi, tunda mun ɗauka babu mai ji. Sai wani dattijo mai farar riga irin ta direbobi ya tsaya a kanmu.

"Zagin ya isa haka," in ji shi. "'Yan ina ne?"

Shi ne Kawu Lawal, mutumin Malumfashi, direban wani kamfani, ya daɗe a ƙasar har furfura ta same shi a nan. Ya kai mu ɗakinsu a unguwar Old Airport, ɗaki ɗaya mutum shida, gadaje hawa biyu, takalma jibge a ƙofa kamar na masallaci. Ya tuƙa mana tuwon semo da miyar kuka, da daddawar da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gado don kada abokan ɗakinsa su ƙarar. Na ci ina hawaye, na ce yaji ne. Da muka wanke hannu ya karɓi takardunmu, ya sa tabarau, ya karanta har ƙarshe, sannan ya cire tabaran.

"Yara, an yi muku sakiyar da ba ruwa. Wannan ba kulob ba ne, makaranta ce. Kwaleji ce ta kuɗi a can ƙarshen Rayyan, tana neman masu buga mata ƙwallo. Ita ce kafil ɗinku."

"Mene ne kafil, Kawu?" in ji Sagir.

"Wanda sunansa ke kan katin zamanka. In ya ce zauna, ka zauna. In ya ce khalas, wato shi ke nan, ka nemi jakarka."

Komawa gida ba ta cikin lissafi. An riga an yi mana walima, an yi mana addu'a, 'yan unguwa sun riga sun fara kirana ɗan Ƙatar. Kashegari Kawu ya ɗauke mu a motar aikinsa ya sauke mu a ƙofar kwalejin, ya ba mu lambarsa, ya ce duk Juma'a akwai tuwo.

Kwalejin ba ta cuce mu kamar yadda ejan ya cuce mu ba, amma ba ta shagwaɓa mu ba. Karatu kyauta, ɗaki na mutum biyu, abinci sau uku, da ɗan alawus wanda in ka sayi sabulu da katin waya sai ka tsaya kana kallon sauran. Da safe aji, da yamma fili. Kocinmu Bamisire ne, gajere, mai murya kamar ta mai tallan kananzir. Ranar farko ya tara mu ya ɗaga wani ɗan littafi, ya ce na kwamitin da ke kula da gasar kwalejoji ne, kuma doka biyu kaɗai yake so mu haddace. Ta ɗaya, ɗalibi ba ya komawa wata kwaleji sai tasa ta ba shi takardar sallama. Ta biyu, ɗalibi ba ya karɓar kuɗi saboda ƙwallo daga hannun kowa in ba kwalejinsa ba.

"Ko riyal ɗaya," in ji shi. "Ko kyauta ce, ko sadaka ce. Ku ɗalibai ne, ba ma'aikata ba. Yalla, maza fili."

Na daɗe ina tauna wannan magana. Koci yana da albashi. Mai yanke ciyawar filin yana da albashi. Kwalejin ta manna hotonmu a babban allo a bakin titi tana kiran sababbin ɗalibai da shi. Mu da muke zubar da gumin ne kaɗai kuɗi zai ɓata wa tarbiyya. Amma baƙo ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa.

Shekarar farko tawa ce. Na ci ƙwallaye har ɗaliban da ba su san inda Najeriya take ba suka iya kiran sunana. Sagir yana benci, in an sa shi ma sai wasa ya kusa tashi. In mun koma ɗaki nakan ce masa ya yi haƙuri, lokacinsa na zuwa, har in dafa masa kafaɗa. Tausayinsa nake ji, kuma yanzu na gane daɗin tausayin nan nake ji. Akwai daɗi mutum ya sami wanda zai riƙa ce wa yi haƙuri.

A shekara ta biyu, a wani wasa da ba shi da wani muhimmanci, na juya da ƙwallo ƙafata ta ƙi juyawa tare da ni. Na ji ƙara a gwiwa kamar an karya rake. Sagir ne ya goya ni har mota. Likita ya ce jijiya ce ta tsinke, sai an yi aiki, kuma in manta da fili na kusan shekara. Aka yi aikin, aka ba ni sandar ƙarfe mai hannu, na koma mai ƙafa uku.

Koci ya duba benci bai ga mai buga gaba ba. Ya ce Sagir ya je ya tsaya can, ko don tsawonsa. Wasan farko ya ci ɗaya da ka. Na ce sa'a ce. Wasa na biyu ya ci biyu. Na ce masu tsaron bayansu ne ragwaye. A wasa na huɗu Koci ya miƙa masa riga, ya juya bayansa zai sa, na ga lambar. Tara ce, tawa, har da ɗan ɗinkin da na yi wa wuyanta da baƙin zare.

Ban san haka hassada take ba sai da ta kama ni. Na ɗauka fushi ce, ashe ta fi kama da ƙwarnafi, tana tasowa ne bayan an ci abinci ana dariya. In Sagir ya ci ƙwallo ina tafi tare da kowa, ina jin tafin a cikin haƙorana. Tunda ba ni da aiki a bakin fili, ni na zama mai ɗaukar masa bidiyo. Ni ke ɗauka, ni ke aikawa gida, samarin Funtuwa suna yaɗawa. Ranar da abin ya fi ci mini rai, innata ce ta kira, ta tambayi ƙafa a gurguje, sannan ta ce, "An ce Sagiru ne ke ta abin arziki yanzu ko? Allah sarki, yaron nan mai ladabi. Ka gaishe shi."

Da ya yi mini girman kai, da na sami sauƙi. Bai yi ba. Kullum bayan sallar asuba sai ya durƙusa ya naɗe mini gwiwa da bandeji kafin ya tafi gudu. Shi ke ɗauko mini abinci daga ɗakin cin abinci. In ana yabonsa sai ya ce, "Ai Habibu ne ya koya mini, ku jira ya warke ku ga ƙwallo." Duk lokacin da ya faɗi haka sai in ji kamar in ɗaga sandar nan in rafka masa.

Ana cikin haka kwamiti ya canza doka. An ce ƙorafi ya yi yawa, kwalejoji suna riƙe yara kamar awakin turke. Sabuwar dokar ta ce ɗalibi yana iya komawa wata kwaleji sau ɗaya ba tare da takardar sallama ba, a cikin mako biyu da za a buɗe bayan ƙaramar Sallah, matuƙar bai taɓa karya dokar kuɗi ba. An kuma ɗaga iyakar alawus ɗin da kwaleji za ta iya biya. Har lambar waya suka buɗe ta kai ƙorafi, wadda ba a bayyana sunan mai aikowa.

Kafin azumi ya raba, wata babbar kwaleji ta aiko wa Sagir. Irin wadda filinta ke da rumfa da fitilu, alawus ɗinta ya kai iyakar da doka ta yarda, kuma masu neman 'yan wasa na kulob-kulob a can suke zama. Wato abin da ejan ya yi mana ƙaryarsa, ga shi ya zo da gaske, amma ga gyara ya zo. Sagir ya nuna mini saƙon.

"Habibu, in na shiga zan yi musu maganarka. Wallahi sai mun sake haɗuwa."

"Allah ya sanya alheri," na ce. Har na rungume shi.

Duk Sallah Hausawan Doha sukan yi wasa a wani fili da suke haya a Rayyan, direbobi da masu gadi, bayan la'asar. Wasa ne na tumbi da haki da dariya, amma kowa yana zuwa, har manyanmu, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, cikin shadda da hula kamar ana ɗaurin aure. Kawu Lawal shi ne shugaban direbobi, kuma shekara uku masu gadi suna lallasa su. Ya ce bana Sagir ɗansa ne, don haka direba ne. Doka ba ta hana wasan sada zumunci ba, sai Sagir ya sa riga.

Ni na ja sandata na koma can kusurwar fili, jikin shingen waya, nesa da jama'a don kada a bangaje mini ƙafa. Rana tana bayana. Na ɗaga wayata ina ɗauka kamar kullum.

Ana saura kaɗan a tashi Sagir ya yanke mutum uku ya narka ƙwallo a raga. Fili ya kaure. Sai ga Dakta Bashir, wani babban likita ɗan Kano mai son raha, ya tattare babbar rigarsa ya shiga fili da gudu, ya zaro kuɗi ya manna wa Sagir a goshi. Gumi ya riƙe takardar. Wani injiniya ya biyo baya, wani ya biyo, har Kawu Lawal ya zaro tasa 'yar ƙaramar ya liƙa. Babu wanda ya tuna da wani ɗan littafin doka. Liƙi ne, abin da muka tashi muka ga ana yi wa makaɗi da ɗan dambe da ango. Wa zai kira shi albashi?

Sagir ya tsince su yana dariya. Jama'a suka koma gefe ana gardamar ko akwai satar gida. Shi kuwa ya sheƙo a guje har kusurwar da nake, wayata tana kan ɗauka. Fuskarsa ta cika allon, ya rungume ni, ya cusa kuɗin duka a aljihun jallabiyata.

"Riƙe, na gashin ƙafarka ne," in ji shi. "Kada ka ce komai." Ya juya ya koma fili.

Ya san inshorar kwaleji ta biya aikin gwiwa, amma gashin ƙashi 'yan kwanaki kaɗan ta ɗauka, kuma sun ƙare. Babu wanda ya ga abin da ya yi sai ni da wayata.

Da kuɗin nan na koma asibitin gashi a unguwar Al Sadd. Kwana huɗu bayan Sallah ina zaune a ɗakin jira da rana tsaka, na'urar sanyi tana busa mini ƙeya, saƙon Sagir ya shigo. Hoto ne. Sun kai shi ya ga filin sabuwar kwalejin, sun ba shi riga ya gwada, yana tsaye yana murmushi. A ƙasa ya rubuta, "Saura sa hannu."

Na buɗe bidiyon Sallah. Na kalle shi sau uku. Ba zan ce shaiɗan ba ne, don shaiɗan bai san inda ake danna almakashi a wayata ba. Na yanke ƙarshen, daga inda Sagir ya juyo ya nufo ni. Na cire sauti saboda muryata tana ciki ina yi masa kirari. Abin da ya rage shi ne ɗalibi sanye da rigar ƙwallo, manya suna manna masa kuɗi, yana tsincewa yana dariya. Na aika wa lambar ƙorafi. Sannan aka kira sunana, na shiga, wata ma'aikaciya 'yar Filifin ta lanƙwasa mini gwiwa tana ce mini in daure.

Abin da na faɗa wa kaina shi ne, iyaka su hana shi tafiya. Ya zauna, in warke, mu koma yadda muke, ni a gaba shi a baya. Ban karanta ɗan littafin har ƙarshe ba. Kawu Lawal ne mai karanta takarda har ƙarshe.

'Yan kwamiti suka kira Sagir ofishinsu. Kawu da Dakta Bashir suka bi shi, Dakta ya yi musu bayani da Turanci da Larabci cewa wannan al'ada ce, ba biya ba ne, shi ma da aka yi bikinsa an yi masa. Suka saurare shi da ladabi, suka ba shi gahawa, suka ce al'ada abar girmamawa ce, amma kuɗi sun shiga hannun ɗalibi saboda ƙwallo. Hukunci ya fito: babu canjin kwaleji, kuma babu wasa shekara guda. Yana da mako ɗaya ya ɗaukaka ƙara. Babbar kwalejin ta janye. Tamu kuma ta ce karatun kyauta na mai buga wasa ne, wanda ba ya wasa ba ta da gadonsa. Wato khalas ɗin da Kawu ya faɗa mana tun ranar farko.

Mutanenmu suka yi ta tsine wa wanda ya aika. Wasu suka ce Koci ne, wasu suka ce wani mai gadi ne da ya ji haushin cin da aka yi musu. A gaban tuwon Juma'a Kawu ya ce, "Duk wanda ya yi wannan, Allah ya isa." Na ce amin tare da kowa.

Saura kwana biyu wa'adin ya cika, bayan asuba, Sagir ya durƙusa yana naɗe mini gwiwa kamar kullum. Jakarsa tana kan gado a buɗe. Bai ɗago kai ba ya fara magana.

"Sun nuna mini bidiyon a babban allo. A waya ba a lura, amma a allo komai yana fitowa."

Ya ci gaba da naɗi.

"Akwai inuwar mai ɗauka a kan ciyawa. Doguwa. Da sanda a hannun hagu." Ya ja bandejin ya zagayo da shi. "In rana tana bayanka, Habibu, ka riƙa duba ƙasa."

Ya tambaye ni ko ya matse da yawa. Na girgiza kai.

"Sun tambaye ni ina kuɗin," ya ci gaba. "Sun ce in ban riƙe ba, in akwai shaidar na bayar nan take, za su sassauta. Amma wanda na ba, in ɗan wasa ne, hukuncin kansa zai koma. Na ce na kashe su."

"Don me?"

"In sun kore ka, wa zai biya maka asibiti? Da wace ƙafar za ka koma Funtuwa?" Ya soke ƙarshen bandejin, ya miƙe. "Kai ka kawo ni. Ban manta ba."

Ya ɗauki tawul ya fita. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Na zauna ina kallon naɗin da ya yi, lafiyayye, babu inda ya karkace. Kunya ta kama ni, wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin kunyar, tsohon ƙwarnafin nan yana nan. Ya karɓi rigata, ya karɓi yabon innata, yanzu kuma ga shi ya zama mutumin kirki a labarin da ni na shirya.

Ranar ƙarshe na hau bas zuwa ofishin kwamitin. Cikakken bidiyon yana wayata, da sautinsa da komai. Na yi kusan awa ɗaya a ƙasan benen, a shagon wani mai shayi ɗan Indiya, wanda ya ga sandata ya jawo mini kujera ya ƙi karɓar kuɗin kofi na biyu. Daga ƙarshe na hau. Wani ma'aikaci mai farar riga ya saurare ni, na miƙa masa wayar, na ce ni na aiko da na farko, ga sauransa. Bai ko karɓa ba. Ya duba kwamfuta ya juyo da ita wajena.

"Abokinka ya zo jiya. Ya sa hannu cewa ya amince da hukunci, ba zai ɗaukaka ƙara ba. Fayil ya rufu."

"Amma ga shaida."

"Khalas, ɗan'uwa. Wanda abin ya shafa ya rufe. Allah ya ba ka lafiya."

Na sauko a hankali, mataki ɗaya-ɗaya. Ko a nan ma ya riga ni.

Sagir bai koma gida ba. Kawu Lawal ya yi ta faɗi-tashi har ya samo masa aikin gadi a wani kamfani, aka mayar da katin zamansa can. Awa goma sha biyu a tsaye a ƙofar wani babban kanti a Al Sadd, da shuɗiyar riga da hula. Hanyar asibitina ta nan take bi. Na koyi sauka a tashar gaba in dawo da ƙafa ta bayan layi don kada mu haɗu, duk da likita ya ce in rage tafiya. Sagir bai gaya wa kowa abin da na yi ba, ko Kawu. Har yau in mun haɗu wajen tuwon Juma'a yakan matsa mini wuri kusa da shi, Kawu ya dube mu ya ce, "Ku ga abota. Allah ya bar ku tare." Sai mu ce amin.

Gwiwa ta warke. Koci ya mayar mini da rigata, da ɗinkin baƙin zarenta. Ina cin ƙwallo, ba kamar da ba, amma ina ci. Babu babbar kwalejin da ta aiko mini.

Da Sallah ta zagayo, Kawu ya ce bana ni ne direba. Na so in ƙi, ban sami dalilin da zan iya faɗa ba. Sagir bai buga wa masu gadi ba, ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi da tsayuwa. Daga wajen aiki ya zo, da shuɗiyar rigarsa, ana tsakiyar wasa. Na hango shi ya wuce jama'a ya je can kusurwa, jikin shingen waya, ya tsaya. Ya ɗaga wayarsa yana ɗaukata.

Na ci ƙwallo ana kusa da tashi. Fili ya kaure. Sai ga Dakta Bashir ya tattare babbar riga ya shigo, hannunsa a aljihu. Mutum ne mai mantuwa in yana murna. Kawu yana daga baya yana kiran, "Dakta, Dakta, dokar nan," amma hayaniya ta danne shi. Ina haki, ban iya ko kaucewa ba. Takardar ta manne a goshina.

Na juya kusurwa. Sagir yana nan, rana a bayansa, inuwarsa ta miƙo har cikin fili, wayar tana sama tana kallona. Muka haɗa ido. Ga ni, ga kuɗi a goshi, ga rigar ƙwallo, kuma lambar ƙorafin nan ba a rufe ta ba. Na tsaya cak, ban cire takardar ba. Na bar ta ya ɗauka da kyau.

Ya sauke wayar, ya sa ta a aljihun shuɗiyar rigarsa, ya maɓalle aljihun. Sannan ya fara tafa mini da hannu biyu.

Wallahi da ya ɗauka ya aika, da na fi samun sauƙi.